Yarinyar Ƙarƙashin Tarago

Inna ta zo mini wankan jego a ƙarshen shekarar 2009, lokacin da na haifi na biyu. A garin Germantown na Amurka muke zaune, cikin jerin gidajen nan da bango ɗaya ke raba kowa da maƙwabcinsa. Maigidana yana aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a cikin birni, kullum jirgin ƙasa na safe yake bi. Ni kuwa ina hutun haihuwa daga kantin maganin da nake aiki.

Inna ba ta taɓa fita Najeriya ba sai aikin hajji. Ta zo da kanwa da daddawa da garin kunu a ƙulle cikin zannuwa, ta kuma zo da ra'ayinta a kan komai. Da ta ga bahon wankanmu sai ta ce wannan ai kwale-kwale ne. Ruwan famfo mai zafi bai gamsar da ita ba, sai ta tafasa nata a tukunya ta haura da shi sama. Abu ɗaya ne ya rufe mata baki, dusar ƙanƙara. Ranar da ta fara gani ta tsaya bakin taga da carbi a hannu, ta daɗe ba ta ja ko ƙwaya ɗaya ba. Daga baya ta ce, "Ruwa ne wannan, amma ba ya ƙara. Ikon Allah."

'Yata ta fari tana aji biyu a lokacin. Sunan Inna aka sa mata, don haka bakina bai taɓa kiran sunan ba, Inna kuma takwara take ce mata. Yarinyar tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa. Haka suke hirarsu, kowa da harshensa, kuma ban taɓa ganin sun rasa fahimtar juna ba in dai maganar abinci ce ko ta kitso.

A watan Fabrairu aka yi dusar da har yau mutanen yankin ba su daina labarinta ba. Ta binne motoci, ta karya rassan itatuwa, aka rufe makarantu da ofisoshi. Jirgi ya tsaya, maigidana ya maƙale a wurin aiki, can yake kwana. Da hantsi wuta ta ɗauke. Na'urar ɗumama gida ta yi shiru, sanyi ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofofi kamar mai neman wani.

Murhunmu na gas ne, shi ya cece mu. Muka tattara a kicin, muka rataye bargo a bakin ƙofa, na ɗan sassauta taga saboda iska. Inna ta goya jaririn a kan rigar sanyi, ta ɗora kunun kanwa. Tana cikin damawa ta ɗago ta dube ni.

"Tsohuwar nan ta bayan bango fa? Ita kaɗai ce."

Maƙwabciyarmu ce take nufi, wata Baturiya da ta haura tamanin. Asalinta 'yar Danmak ce, aure ya kawo ta Amurka tun tana budurwa, mijin ya rasu, 'ya'yan suna wasu jihohi. Gaisuwa ce kawai tsakanina da ita. Inna kuwa, da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci, tuni suka saba ɗaga wa juna hannu ta taga. Na sa takalman maigidana na ratsa dusar da ta kai mini cinya, na ƙwanƙwasa mata. Ta fito a naɗe da mayafin ulu, riƙe da kwando mai kyandirori da gwangwanin biskit, kamar dama jira take a kira ta.

Muka zaunar da ita kusa da murhu. Inna ta miƙa mata kunu a kofi, ta kurɓa, ta ɗan yamutsa fuska, ta sake kurɓa, daga nan ba ta ajiye ba sai da ta ga ƙarshensa.

Takwarar Inna ta daɗe tana kallon baƙuwar. Can ta zame ta fita, ta dawo da wani littafi mai hotuna da ta aro a laburaren makaranta. Na san littafin, don tun ranar da ta kawo shi ta cusa shi ƙarƙashin kujera, ta ce ba za ta ƙara buɗe shi ba. Ta ajiye shi a cinyar tsohuwar, ta ce da Turanci, "Malamarmu ta ce daga ƙasarku wannan labarin ya fito. Me ya sa kuka bari ta mutu?"

Na buɗe baki zan tsawata mata, tsohuwar ta ɗaga mini hannu. Ta sa tabarau, ta dubi bangon littafin, ta yi murmushi irin na wanda ya haɗu da ɗan garinsu a tasha.

"Me yarinyar ta ce?" in ji Inna.

Na faɗa mata.

"Wa ya mutu?"

"Wata yarinya ce a cikin tatsuniya, Inna."

"To ba ni in ji. Rana ce dai, amma wannan duhun ai ya isa dare."

Haka na ɗauki littafin ina karantawa a zuci ina juya mata da Hausa. Labarin wata 'yar talakawa ce da aka tura tallan ashana a ranar ƙarshe ta shekara, cikin irin wannan sanyin da muke ciki, ƙafarta ba takalmi. Yini guda ba wanda ya saya. Ta kasa komawa gida, ta raɓe a wani lungu tana ƙyasta hajarta don ta ji ɗumi, duk ƙyastawa sai wani abu ya bayyana mata: da farko murhu, sai abinci, daga ƙarshe kakarta da ta rasu. Da gari ya waye aka same ta a wurin, ba rai.

Ina tsammanin Inna za ta ce Allah sarki, ta ɗora da nasiha, don haka take yi da kowane labari. Ba ta yi ba. Ta karɓi littafin ta koma shafin farko, tana bin hotunan da yatsa, jaririn yana barci a bayanta. Sai da ta kai ƙarshe ta ce, "Tambayar mini ita. Mai wannan labarin ya yi talla ne?"

"Inna, ƙirƙira ce kawai."

"Ke dai tambaye ta. In bai yi ba, to wanda ya yi ne ya zaunar da shi ya gaya masa. Wanda bai sani ba da abinci zai fara. Shi kuwa da wuta ya fara. Sanyi ke fara cin mutum, yunwa ta biyo baya, kewa ce ke zuwa ƙarshe. Ya jera su daidai."

Na juya wa tsohuwar tambayar. Ta cire tabarau ta dubi Inna da kyau, sannan ta fara magana a hankali, tana tsayawa don in fassara.

Ta ce a ƙasarsu ba yaron da bai san wannan labari ba, ita ma a cinyar kakarta ta fara jin sa. Wanda ya rubuta shi ɗan wani baduku ne mai gyaran takalmi, uwarsa kuma wankau take yi wa masu hali, tana tsayawa cikin kogi har ƙafafunta su mutu don sanyi. Uwar ce ta taɓa gaya masa, yana ƙarami, cewa lokacin da take yarinya iyayenta sun tura ta bara. Ta fita, bakinta ya kasa roƙo, ta kuma kasa komawa hannu banza. Sai ta shiga ƙarƙashin wata gada ta zauna, ta yini tana kuka.

"Ya riƙe maganar a cikinsa har ya girma," in ji tsohuwar. "Ya yi suna, sarakuna suna gayyatarsa. Yana baƙunci a gidan wani babban basarake sai wani mai buga littattafai ya aiko masa da zane-zane, ya ce ya zaɓi ɗaya ya yi labari a kansa. A ciki akwai na wata yarinya mai talla. Shi ya zaɓa."

Ina fassarawa ina hango shi. Mutum yana zaune a gidan sarauta, ga wuta a murhu, ga masu hidima, a miƙo masa takarda ya buɗe ya ga uwarsa tana yarinya.

Inna ta ce, "Uwar ta ji labarin?"

Tsohuwar ta girgiza kai. Ta ce ta riga ta rasu da daɗewa, a gidan da ake ajiye gajiyayyu.

Inna ta rufe littafin. Ta kwance goyon ta miƙo mini jaririn, ta gyara zama a kan kujerar kicin, ta naɗe ƙafa ɗaya kamar tana kan tabarma. Ba ni ta kalla ba, jikarta ta kalla.

"Takwara, matso. Ni ba gada ba ce tawa. Tarago ne."

Na san Inna a Ƙauran Namoda aka haife ta, na san ta tashi a hannun goggonta bayan rasuwar mahaifiyarta. Iyakar abin da na sani ke nan. Mu mun buɗe ido mun gan ta matar malamin makaranta a Gusau, mai keken ɗinki, mai 'yan aiki biyu, wadda ba ta yarda ko ɗayanmu ya ɗauki faranti ya fita ƙofar gida ba. Ban taɓa tambayar dalili ba.

Ta ce lokacin ba ta wuce takwararta ba, Turawa ba su tafi ba tukuna. Mahaifinta leburan tashar jirgi ne, mai ɗaukar buhunan gyaɗa, buhu ya faɗo masa a baya ya kwanta. Goggo ce ke riƙe da gidan da ɗanwake. Kullum da safe Inna za ta ɗauki tukunya a ka ta nufi tasha, inda leburori da fasinja suke.

"Ran nan cikin marka ne. Tun asuba ake ruwa, irin wanda ba ya ƙarfi ba ya ɗaukewa. Goggo ta kankare ƙasan ƙwarya ta yi ɗanwaken da garin da ya rage. Na fita. Ba kowa a tasha, leburori duk sun fake, jirgin fasinja bai zo ba. Na zaga kasuwa, na zaga bakin asibiti, na dawo. Ɗanwake ya huce ya sandare. Wa zai sayi ɗanwake mai sanyi?"

Yarinyar ta tambaya da Turanci ko dukanta za a yi in ta koma, na juya wa Inna.

"A'a. Goggo ba ta duka. Da tana duka ai da sauƙi, a doke ka a gama. Idonta nake tsoro. In na shiga da tukunya a cike za ta dube ta, ta dube ni, ta ce ba komai. Wannan ba komai ɗin ne ba zan iya ji ba."

"Me ya sa ba ki ci ba?"

"Ba nawa ba ne, takwara. Abinci yana kaina, yunwa tana cikina, amma ko a raina ban kawo in buɗe ba."

Ta ce akwai taragon kaya da aka ajiye a gefen layi, sai ta sunkuya ta shiga ƙarƙashinsu da tukunyarta, ta zauna a kan tsakuwa. Zanenta ya jiƙe, haƙoranta suna haɗuwa. Ruwa yana dukan ƙarfe a samanta. Tun tana jin sanyin har ta daina ji.

"Sai na ga ɗakin uwata. Ba mafarki ba ne, idona biyu, ina ganin ƙafar taragon a gefe. Ga gadon ƙasa an hura wuta a ƙarƙashinsa, irin na masu jego, har ina jin ɗumin a fuskata. Sai ƙamshin kunu. Sai ita, tana zaune a bakin gado tana tsefe kai, ta juyo ta kira ni da sunan da ita kaɗai ke kira na da shi. Tun da ta rasu ban ƙara jin sunan a bakin kowa ba. Na ce a raina bari in ajiye tukunyar nan in je."

Na daina fassara wa tsohuwar ban sani ba. Ta taɓa gwiwata, na ci gaba.

Inna ta ce ƙarar guduma ce ta katse ta. Akwai ma'aikacin da ke bin taragu yana ƙwanƙwasa ƙafafunsu kafin a haɗa su da kan jirgi, don a ji ko akwai mai tsaga. Wani mutumin kudu ne, Hausarsa ba ta da yawa. Ya sunkuya zai buga ƙafar da take jingine da ita, sai suka haɗa ido. Ya jefar da gudumar ya jawo Inna waje, ya ɗaga hannu yana yi wa direba ihu, don kan jirgin ya riga ya fara ja da baya zai ɗauki taragun.

"Bai tambaye ni 'yar wace ce ba. Ya ɗauke ni, ni da tukunya, ya miƙa ni sama wurin masu zuba gawayi. Suka zaunar da ni a kan buhu, ɗaya ya buɗe bakin tanderun jirgin. Takwara, ban taɓa ganin wuta irin wannan ba, har yau. Fara ce, ba ja ba. Zanena ya dinga hayaƙi a jikina. Suka buɗe tukunyar, suka ɗora ta a kan shebur suka kara a bakin wutar, suka cinye ɗanwaken tas, suka ba ni nawa a murfi. Suka biya. Na koma gida da la'asar, Goggo ta dubi tukunya ta ce yau kasuwa ta yi kyau. Na ce e."

"Ba ki gaya mata ba?" Ni ce na tambaya wannan karon.

"Ban gaya wa kowa ba. Ko babanku bai sani ba har ya koma ga Allah."

Na dubi matar nan da ta haife ni, da hular sanyin maigidana a kan ɗankwalinta, na ji kamar yau aka fara nuna mini ita. Da mai gudumar ya fara daga ɗaya ɓangaren, ko da ruwa ya hana shi fitowa, da babu ni, babu jaririn da ke hannuna, babu yarinyar da ke tsugune tana riƙe da gefen zanenta. Dukanmu a ƙarƙashin taragon nan muke, cikin tukunyar ɗanwake da zane jiƙaƙƙe, ba mu sani ba.

Tsohuwar ta miƙa hannu ta kama na Inna. Ta yi wata magana da harshensu, ba da Turanci ba, Inna ta amsa mata da "To, to," kamar ta ji.

Yarinyar ba ta haƙura ba. Ta ce to ai ke ba ki mutu ba, uwar mai labarin ma ba ta mutu ba, ta girma har ta haife shi. Don me shi zai kashe tasa?

Na juya wa Inna. Ta ɗan yi tunani.

"Da ya ce an zo an ɗauke ta, da kowa ya ce alhamdu lillahi ya juya ya yi barci. Shi ba ya son a yi barci. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Ni mai guduma ya zo. Akwai waɗanda bai zo ba."

Da yamma wuta ta dawo, firji ya yi tari ya tashi, fitilu suka kama. Tsohuwar ba ta koma gidanta ba sai da ta ci tuwo da mu, da cokali. Daga ranar har Inna ta tafi, kusan kullum sai ɗaya ta shiga wurin ɗaya. Na sha dawowa daga asibitin yara in tarar da su a falo, wannan tana saƙa, waccan tana dama fura da madarar kanti, ba mai cewa komai.

Kafin ta koma gida, Inna ta sa na maimaita mata labarin har ta riƙe shi, da na uwar mai labarin. Ban tambaye ta me za ta yi da shi ba.

Sai bayan 'yan shekaru, da muka je Gusau hutun bazara, na gani. Bayan magariba 'ya'yan yayana da na maƙwabta suka kewaye ta a tsakar gida, suna roƙon ta ba su na mai ashana. Ta fara. Dusar ƙanƙara ta koma ruwan marka, lungun ya koma bayan rumfar mai shayi, gasasshen naman da yarinyar ta gani ya zama dambun kaza. Yaran sun san shi sarai, har suna riga ta faɗin abin da zai biyo baya. Da ta kai inda aka sami yarinyar da safe, ba wanda ya motsa, ashe sun san da saura.

"Wanda ya shirya wannan labari," in ji Inna, "wani Bature ne ɗan mai wankau, a wata ƙasa mai sanyi. Uwarsa ce ta zauna a ƙarƙashin gada tana kuka. Ita ba ta mutu ranar ba. Ta tashi ta koma gida, ta girma, ta haifi ɗa mai jin magana. Ku yi wa iyayenku tambaya tun suna da rai."

Wata ƙaramar yarinya ta ce, "Hajiya, a ina gadar take?"

"Da nisa. Sai an hau jirgin sama."

'Yata, da ta fara zama budurwa, tana zaune a gefen tabarma. Ta sunkuya ta ce wa yarinyar da Hausarta mai ɗingishi, "Akwai wata a Ƙaura ma. Gobe za a kai mu mu gani."

Washegari yayana ya ɗebe mu a mota. Inna ta ce ƙafarta na ciwo, ba za ta je ba. Mun sami tashar, ciyawa ta cinye layin, awaki suna kiwo a tsakanin ƙarafa. Akwai wasu tsofaffin taragu a gefe, sun yi tsatsa har sun huje. 'Yata ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin ɗaya, ta daɗe, sannan ta miƙe ta karkaɗe gwiwarta ta ce wurin ya yi ƙanƙanta ƙwarai.